Gyaran Gona Daga Gida Yake Farawa

Darasi domin manoman auduga da iyalansu

Ya ku 'yan'uwa manoma, ga darasin wannan karo. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. In an gama a zaure, a shiga da takardar cikin gida mata su ji, gama rabin aikin da ke cikinta a hannunsu yake.

Kun saba jin malamin gona yana maganar lokacin shuka, da rage tsiro, da noma, da feshi. Yau ba za mu fita gona ba. Cikin gida za mu zaga, mu duba turke, da madafa, da bayan ɗaki, da bakin rijiya. Wataƙila wani ya ce, "Malam, ina ruwan auduga da murhun uwargida?" To, a yi haƙuri a ji har ƙarshe.

1. BASHIN DA GONA KE BIN GIDA

Dubi gidanka da kyau. Hatsin da ke rumbu, da harawar da ke bisa rumfa, da karan darni, da itacen girki, duk daga gona da daji suka fito. Kowace kaka amalanke yakan zo gida a cike, ya koma wofi. Ƙasa kuwa kamar rumbu take. In ana ɗiba ba a zubawa, wata rana sai a sa hannu a ji ba kome.

Gero in an ci shi, dusarsa da karansa suna nan cikin gari. Auduga kuwa tafiyarta ba dawowa. Cikin kilo 100 da ka ɗora bisa sikeli, abin da ya ɗan haura kilo 40 shi ne tsantsar auduga, mafi yawan sauran gurya ce. Cikin guryar nan ne abincin da shuka ta tsotsa daga ƙasa ya fi taruwa, ga shi mota ta tafi da ita gidan gurza. A zamanin kakanninmu, in gona ta gaji sai a bar ta saura shekaru, ta huta ta mai da ƙarfinta. Yanzu jama'a ta yi yawa, ba wanda ke da gonar bari. Saboda haka tilas gida ya biya gona bashinta.

Hanyar biyan bashin nan uku ce. Ta fari, abin da ya fito daga gona a mayar mata da shi. Ta biyu, a rage abin da ake ɗiba daga daji. Ta uku, a hana guba shiga cikin gida da ruwan sha. Duk sauran darasin nan bayanin waɗannan uku ne.

2. RAMIN TAKI

Sharar da ake zubarwa a kan juji, iska ta kwashe, rana ta ƙone, dukiya ce. Wurinta shi ne ramin taki.

Zaɓi wuri mai inuwa kusa da turken dabbobi, nesa da rijiya kamar mita 30. Mita ɗaya kamu biyu ne, ko babban taku ɗaya. Haƙa rami mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, zurfin mita 1. In ƙasar wurin rairayi ce, a kewaye bakin da duwatsu ko tubali don kada ya rufta. Sa'an nan a cika shi hawa-hawa kamar haka:

(a) A shimfiɗa yankakken kara da ciyawa da ganye, kaurinsu taƙin hannu ɗaya, watau kamar santimita 20.
(b) A zuba kashin shanu, ko na tumaki da awaki, ko na kaji, kaurin yatsa huɗu.
(c) A barbaɗa tokar murhu kaɗan.
(d) A yayyafa ruwa har ya jiƙe, amma kada ya kwanta.
(e) A sake hawa na biyu, da na uku, har rami ya cika. A rufe da ciyawa ko tsohuwar zana.

Kafa doguwar sanda a tsakiya. Bayan mako ɗaya zare ta ka taɓa. In da zafi da laima, taki yana dahuwa. In sanyi ce kuma a bushe, ƙara ruwa. In tana wari tana yauƙi, ruwa ya yi yawa, sai a juya a ƙara busasshen kara. A riƙa juyawa sau ɗaya kowane wata. Cikin wata uku za ka ga ya zama baƙi, yana marmashewa a hannu, yana ƙanshin ƙasar da ruwan fari ya dake ta. Zafin nan na cikin rami yakan kashe mafi yawan irin ciyawa da ke cikin kashin dabba, shi ya sa dafaffen taki ya fi ɗanye. Inda ruwa ke da wuya da rani, a cika ramin a bari damina ta jiƙa shi, a yi amfani da shi shekara mai zuwa.

Kada a jefa leda, ko gwangwani, ko fasasshiyar kwalba, ko batir, ko mushe cikin ramin.

Masana aikin gona sukan ba da shawarar tan 5 a hekta ɗaya, sau ɗaya cikin shekara biyu. Rami ɗaya ba zai isa hekta ba, amma kada wannan ya karya maka gwiwa. Raba gonarka kashi-kashi, bana ka ba wannan gefe, baɗi ka ba wancan. A kai taki gona dab da huɗa, a rufe shi da ƙasa. In an jibge shi tun watan ɗari, rana da iska za su sha rabin amfaninsa. Wanda nasa kaɗan ne ya zuba a gindin shuka kaɗai. Haka manoman Illela suka raya faƙo da ramukan tassa, dabarar da waɗansunsu suka gani a Yatenga ta ƙasar Burkina Faso a shekarar 1989.

Kada wani ya ɗauka an ce a bar takin zamani. Takin gida shi ne tuwo, na zamani shi ne miya. Ƙasar da ba takin gida ba ta riƙe ruwa, ba ta kuma riƙe takin zamani. Ruwan sama yakan wanke shi ya tafi da shi, ran sayar da auduga kuwa a cire kuɗinsa daga hannunka cif.

Toka ma kada a raina ta. Tana da wani gishiri da ake kira fotash, wanda auduga ke bukata ƙwarai. In ya yi ƙaranci, bakin ganye yakan yi ja kamar an babbake shi, ƙululu kuma ba ya buɗewa sosai.

3. KARAN AUDUGA

An daɗe ana ce muku a cire karan auduga da zarar an gama ɗiba. Wannan doka tana nan, ga kuma dalilinta. Jar tsutsa takan ɓuya cikin guryar ƙululun da ya rage a jikin kara, ta yi barci duk rani, ta fito ta tari sabuwar shuka. Wanda ya bar kara a tsaye, ko ya tara shi bayan ɗaki har damina, ya yi wa tsutsa masauki, ya cuci kansa ya cuci maƙwabcinsa.

Amma ƙone shi duka a gona hasara ce, gama yawancin amfaninsa yakan bi hayaƙi. Ga abin da ya fi. A sare shi, a fara barin awaki su cinye ganye da sauran ƙululu. A daddatsa karan gajere-gajere, a shimfiɗa a turken shanu. Shanu su tattake shi, ya sha fitsari da kashi. In ya yi laushi a kwashe zuwa rami, a shimfiɗa sabo. Fitsarin da dā ƙasa ke shanyewa a banza, yanzu kara ya riƙe shi. Wanda za a yi girki da shi kuwa, a tabbata an ƙone shi ƙaf kafin ruwan fari. Gonar da cuta ta kama ƙwarai, a gaya wa malamin gona, shi zai faɗa ko a ƙone karan nan take.

4. MURHU

Uwargida, wannan sashe naki ne. Ke kika san nisan da ake yi yanzu kafin a sami itace, ke kika san kuɗin dami a kasuwa. Murhun duwatsu uku a fili, iska ce ke cin yawancin wutarsa. Harshen wuta yana fita ta ko'ina, kaɗan ne ke taɓa tukunya. Maganin wannan shi ne a yi wa wuta ɗaki.

Tun shekarun 1980 aka san murhu iri biyu a ƙasar Nijar. Akwai Mai Sauƙi na ƙarfe, wanda maƙera ke yi, kowane da lambar tukunyar da ta dace da shi. Akwai kuma Albarka na ƙasa, wanda ba a sayensa, da hannu ake gina shi. Ga yadda ake yi:

(a) A cuɗa ƙasar gini da yankakkiyar ciyawa da kashin shanu ko na jaki, kamar za a gina rumbu. A rufe ta, a bar ta ta tsima kamar mako ɗaya.
(b) A kafa duwatsu uku, a ɗora tukunyar da za a riƙa girki da ita. Tsakanin gindin tukunya da ƙasa ya zama kamar faɗin tafin hannu da ɗan ƙari.
(c) A gina bango kewaye da duwatsun, kaurinsa yatsa huɗu, a hau da shi har kusa da wuyan tukunya.
(d) Tsakanin tukunya da bango a bar sararin yatsa ɗaya ko'ina. Ta nan zafi zai bi ya lashi jikin tukunya, hayaƙi ya fita. In sararin ya yi faɗi, zafi ya tsere. In ya toshe, wuta ta mutu.
(e) Kashegari a yanka ƙofa ɗaya ta sa itace, tana duban inda iska ta saba fitowa.
(f) A bar shi ya bushe mako ɗaya kafin a hura wuta. In ya tsage a shafe da sauran ƙasar.

Kowace tukunya da murhunta: ɗaya na tuwo, ɗaya na miya. A yi masa rumfa saboda ruwan sama.

Murhun da aka gina daidai yakan rage kamar kashi ɗaya cikin uku na itace. Yi lissafi da kanki. Gidan da ke ƙona dami 3 a mako zai ƙona 2. A shekara an tsirar da dami 52. Ki ƙara da waɗannan dabaru: busasshen itace da aka faskara ƙanana, murfi a kan tukunya, jiƙa wake tun da dare, da kashe sauran itace da ƙasa in an sauke girki. In itace ya isa, ba sauran dalilin ƙona kashin shanu, wanda haƙƙin gona ne.

Akwai kuma maganar lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3 da dubu 200 a duniya. Mata da yaran da ake goye da su su ne suka fi shaƙarsa. Kada a yi girki a rufaffen ɗaki. In damina ta tilasta, a buɗe taga sama a bango. Murhun ƙasa kuma yana tsare yaro mai rarrafe daga faɗawa cikin wuta, yana tsare audugar da aka ajiye daga tartsatsi.

5. ITATUWA

Dattawa suna tune da farin 1973 da na 1984, sa'ad da daji ya ƙare, iska ta riƙa binne shuka da rairayi. Sun kuma ga abin da ya gyara wuraren da suka gyaru. A kwarin Majiya, tun shekarar 1975 aka fara dasa dogon yaro layi-layi don tare iska, aka kuwa ga amfanin gona ya ƙaru a bayan layukan. A jihohin Maradi da Damagaram, tun shekarun 1980 manoma suka koma sassaben zamani: maimakon a tumɓuke kututture, sai a zaɓi tohonsa biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sare sauran. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwa miliyan 200 suka tashi ta haka a cikin hekta miliyan 5. Rassan da ake ragewa kowace shekara su ne itacen girkin gidajen nan. Gani ya kori ji.

A gonar auduga, babban aboki shi ne gawo. Yakan zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya yi wa shuka inuwa. Ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi ne da rani. In ka ga ɗan gawo ya tsiro, kafa masa sanda don kada garma ta bi ta kansa.

A cikin gida kuwa, ga abin da ya kamata:

Dogon yaro ɗaya ko biyu saboda inuwa, ta gefen yamma inda ranar la'asar ke dukan ɗaki. A nisanta shi da bango da rijiya kamar taku 8, gama saiwarsa tana tafiya.

Zogale biyar ko shida a kusurwa. Cikin shekara ɗaya ake fara cin ganyensa. A riƙa datse kansa don ya yi rassa.

Kuka, ko mangwaro, ko lemun tsami, gwargwadon ruwan da ke garinku.

Shingen lalle ko aguwa maimakon darnin kara. Darni kowace shekara sai an sake shi, shinge mai rai kuwa sau ɗaya ne, karan ya tafi rami.

A dasa bayan ruwa ya zauna. Ramin dashe ya kai kamu ɗaya zurfi da faɗi, a gauraya ƙasarsa da taki, a kewaye da ƙaya saboda awaki. Ran 3 ga Agusta, ranar 'yancin kan Nijar, ita ce kuma ranar dashen itace tun 1975. Amma dashe ba shi ne aikin ba, reno ne. A ba kowane yaro itacensa, shi zai ba shi ruwa har ya tsallake bazarar fari.

6. MAGANIN ƘWARI GUBA NE

Wannan sashe ya fi kowane nauyi, gama maganar rai ce. Abin da ke kashe tsutsa yana kashe ɗan Adam. A noman auduga na 1999 zuwa 2000, a lardin Borgu na ƙasar Benin, an ƙidaya aƙalla mutum 37 da wani maganin auduga mai suna endosulfan ya kashe. Da yawansu ba wurin feshi suka gamu da shi ba, cikin abinci suka ci shi. A shekarar 2011 ƙasashen duniya suka amince a hana shi. Duk wanda ya tallata maka shi a kasuwa, kada ka saya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Dubi gindin takardar da ke jikin kwalba, akwai zane mai launi. Ja, guba mai tsanani ƙwarai. Rawaya, mai cutarwa. Shuɗi, a yi hattara. Kore shi ne mai dama-dama, amma shi ma guba ne. Ga dokokinsa a gida:

(a) Ba a ajiye magani a ɗakin kwana, ko madafa, ko rumbu. A yi masa ɗan ɗaki ko akwati mai kwaɗo a waje, sama da inda hannun yaro zai kai. Mabuɗi a aljihun maigida.
(b) Ba a juye shi cikin kwalbar lemo ko ta mai. Yaro bai iya karatu ba, kwalba kawai ya sani.
(c) In jarka ta ƙare, a ɗauraye ta sau 3 a can gona, kowane karo a juye ruwan cikin famfon feshi. Sa'an nan a huda gindinta da ƙusa, a mayar wa malamin gona ko magajin ƙungiya. Kada a ƙone ta, hayaƙinta guba ne. Ko an wanke ta sau ɗari, ba ta zama ta ruwa, ko ta nono, ko ta fura, ko butar alwala.
(d) Ba a wanke famfo a bakin rijiya, ko tafki, ko gulbi. Nan dabbobi ke sha, nan yara ke wanka.
(e) Mai feshi ya yi wanka da sabulu kafin ya ci abinci ko ya ɗauki yaro. Tufafin feshi a wanke su dabam. Mace mai ciki, da mai shayarwa, da yaro, ba ruwansu da feshi ko wankin kayansa.
(f) Maganin auduga na auduga ne kaɗai. Ba a fesa wa kuɓewa ko tumatir, ba a zuba wa wake a rumbu, ba a shafa wa kan yaro don ƙwarƙwata, ba a yayyafa wa gado don kuɗin cizo. Wake a zuba shi cikin buhu mai ninki uku, irin na PICS, a ɗaure kowane ninki tam. Rashin iska kaɗai ya isa ya kashe ƙwaro.
(g) Irin shuka da aka cuɗa da magani, in ya ragu, ba a ba dabba ko kaji.

Alamun wanda guba ta kama su ne ciwon kai, jiri, zufa mai yawa, dalalar miyau, amai, rawar jiki, da ƙanƙancewar ƙwayar ido. A tuɓe masa tufafin, a wanke jikinsa da sabulu da ruwa mai yawa, a kai shi asibiti nan da nan tare da kwalbar don likita ya ga sunan maganin. Kada a ba shi nono ko mai, kada a sa shi amai da gangan, kada a ce a jira gari ya waye.

7. RUWA

Ruwan wanka da ke fita ta rariya ya kwanta a lungu, gonar sauro ce. Daga ƙwai zuwa sauro mai cizo kwana 10 ne ko ƙasa da haka, zazzaɓi kuwa yakan kwantar da mutane daidai lokacin noma na biyu. A haƙa rami a bakin rariya, zurfin mita 1, a cika da duwatsu, manya a ƙasa ƙanana a sama, a rufe. Ruwa zai nutse ba wari. In an dasa gwanda ko ayaba a gefensa, sai ƙazamin ruwa ya zama abinci. Amma kada a shayar da latas ko wani ganyen da ake ci ɗanye da shi.

Salga ta nisanci rijiya mita 30, ta kuma kasance ta gangare, ba ta tudu ba. A yi mata murfi, a riƙa zuba toka kaɗan saboda ƙuda da wari. A ajiye buta da sabulu ko toka a ƙofarta don wanke hannu. Rijiya a ɗaga bakinta, a rataye guga kada ya kwana a ƙasa, kwamin shayar da dabbobi kuma a janye shi gefe. Mai rufin kwano ya tari ruwan indararo a duro mai murfi, amma ya bar ruwan fari ya wanke ƙurar rufin tukuna.

8. LEDA DA BATIR

Leda ba ta ruɓewa. In ta shiga gona takan hana ruwa nutsewa. In akuya ta haɗiye ta, sai ta cushe a tumbi, dabba ta yi ta rama har ta mutu, mahauta shaida ne. A shekarar 2014 gwamnatin Nijar ta yi dokar hana ledar da ba ta ruɓewa, amma doka ba ta share wa kowa tsakar gida. A koma ga kwando, da ƙwarya, da jakar tufa in za a kasuwa. Wadda ta riga ta shigo a tara ta wuri ɗaya inda iska da dabba ba za su kai ba. Kada a hura wutar girki da ita.

Manomin auduga yana da ƙarin dalili. Zare ɗaya na buhun leda in ya shiga auduga, injin gurza ba ya iya raba su, sai a masaƙa ya ɓata yadi, gama ba ya kama rini. Wannan yakan zubar da darajar audugar gari duka. A ɗebi auduga cikin buhun tufa ko zane. A gida a ajiye ta bisa dakali mai tsabta, nesa da wuta, da kaji, da ƙura.

Batirin tocila da ya mutu a tara shi cikin gwangwani mai murfi, kada yara su fasa. Fitila mai aiki da hasken rana ta fi, ba hayaƙi, ba sayen kananzir. Babban batir irin na mota ko na farantin hasken rana, in ya mutu a mayar wa mai sayarwa. Kada a fasa shi a gida don dalmar ciki. Tsakanin 2007 da 2008, a wata unguwa kusa da Dakar ta ƙasar Senegal, yara 18 suka mutu saboda ƙurar dalma daga fasa irin waɗannan batura.

9. KOWANE AIKI DA LOKACINSA

Kaka: ɗibar auduga cikin buhun tufa, sare kara, mayar da jarkunan magani.
Ɗari: haƙa ramin taki da cika shi, gina murhu, rage rassan itatuwan gona.
Bazara: juya taki, gyaran rariya da salga, ƙare karan auduga, kai taki gona dab da huɗa.
Damina: dashen itace da shinge, tarar ruwan sama, kulle magani bayan kowane feshi.

Ba a ce mutum ya yi duka cikin shekara ɗaya ba. Amma akwai guda biyu da ba sa jira: kulle magani da huda jarka. Waɗannan a yi su yau. Sauran a bi su sannu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka a yi gayya: yau a haƙa ramin wane, jibi na wane. Matar da ta iya gina murhu ta koya wa maƙwabtanta biyu.

TAMBAYOYI

1. Don me gonar auduga take bukatar takin gida ko da an zuba na zamani?
2. Yaya za ka gane taki yana dahuwa a rami?
3. Ina jar tsutsa take ɓuya da rani?
4. Wane sarari ake bari tsakanin tukunya da bangon murhu?
5. Me za a yi da jarkar magani in ta ƙare?
6. Abu nawa ne ba a yi wa wanda guba ta kama? Faɗe su.
7. Mita nawa ya kamata tsakanin salga da rijiya?

Ku amsa waɗannan a tsakaninku. Wanda bai gane wani wuri ba, ko yana so a auna masa rami, ko a nuna wa iyalinsa ginin murhu, ya faɗa wa malamin gona ran da ya zo zagaye. Ba a biyan ko dala.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana iyali da dabbobi. Amin.

Naku,
Malamin Gona